Gululu Na Tara

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da na ce wa Hambali direba ya ɗan dakata, na manta butata a cikin daji. Ƙarya nake yi. Butata tana ƙarƙashin kujerar da nake zaune.

Ni ce Malama Bushira, mai koyar da tarihi a wata Islamiyyar 'yan mata a Gude. Ni na dage sai an kai ɗalibai gandun dajin gwamnati da ke kusa da birni, su ga itatuwa da birai da kufan mutanen da. Tun daga Kabo ina tsaye a gaban bas ina zuba musu wa'azin amana: kar wadda ta tsinki ganye, kar wadda ta ɗauki ko tsakuwa. Baki kam Allah Ya ba ni, kowa ya shaida.

Baba Haladu, tsohon ma'aikacin gandun, shi ya zagaya da mu. Ya nuna mana ragowar ganuwa da rijiyoyin marina da ciyawa ta cike. Daga ƙarshe ya tsaya a gindin wata tsamiya, inda aka jera gululu tara a kan wani faffaɗan dutse, wato 'yan dunƙulen yumɓun nan da ake sa wa a gindin mazari don kaɗin zare. Ya ce duk wanda ruwan sama ya tono, nan suke ajiye shi, ba a kai shi ofis, domin masu su suna zuwa kaɗi da yamma. Yara suka yi dariya. Ni ma na yi.

Ɗaya daga ciki yana da jan zane, sak irin na Gwaggona Ladidi ta Getso, wadda ta raine ni ta rasu ban riƙe komai nata ba. Da hankalin mutane ya koma kan wani biri, na ɗauke shi na ƙulle a gefen mayafina.

Ban san Baba Haladu yana ƙirga su kafin a bar wurin ba. Ya ƙirga, takwas. Ya sake, takwas.

Aka ce ɗalibata Rufaida ce ta ƙarshe a kusa da dutsen. Abokiyar aikina Malama Sa'a ta zazzage jakarta a gaban kowa, ba komai sai allo ƙarami da ragowar gurasa. Duk da haka ta ce za ta kai maganar gaban shugaban makaranta, a cire sunan yarinyar daga masu saukar Alƙur'ani a watan gobe. Rufaida sai hawaye kawai. Ni kuwa, da abin a ƙulle a kafaɗata, na buɗe baki na ce, "Rufaida, in ke ce ki ji tsoron Allah ki fito da shi."

Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi ya sa na ƙirƙiri zancen buta. Dabarata in mayar da shi a ɓoye, gobe Baba ya ƙirga ya ga tara, a ce idon tsufa ne. Yarinya ta tsira, ni ma mutuncina ya tsira.

Na bi 'yar hanyar ni kaɗai. Ɗazu dajin cike yake da kukan tsuntsaye. Yanzu babu ko ɗaya. Sai ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin silifas ɗina.

Wani abu ya shafi fuskata. Na zaci yanar gizo ce. Na ciro, na duba. Zare ne, fari, sabon kaɗi.

Sai ƙauri. Ƙaurin ƙonannen ƙashi, irin wanda Gwaggo take dakawa ta yi farin allin da take dangwala a yatsa in za ta murza mazari.

Sai sautin. Firrr. Ya tsaya. Firrr.

Tana zaune a kan dutsen, ta ba ni baya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama da baƙin saƙi. Ga taskirar auduga a gefenta. Na tsaya cak, ban yi sallama ba, tunda ɓarawo ba ya son a ji shi.

"Babu sallama?" Muryar kamar a cikin kunnena take.

Na yi sallamar.

Ta murza mazarin, ta ɗaga hannun hagu tana jan zare kamar yadda kowace mai kaɗi take yi. Hannun ya wuce kanta. Ya ci gaba. Ya wuce reshen farko na tsamiyar. Ya shige cikin ganye, ban ƙara ganin ƙarshensa ba.

Na nemi Ayatul Kursiyyu, wadda nake biya wa yara kullum. Ko farkonta ban samu ba.

"Kawo."

Ta miƙo hannun dama ta baya, ba ta waiwayo ba. Na kwance mayafi, na sa mata gululun a tafin hannu.

Ta damƙe yatsuna.

Sanyi kamar ƙasan randa.

Ta tsoma babban yatsana da manuni a cikin allinta, ta murza su a hankali.

"Nawa ya dawo," ta ce. "Haƙƙin yarinyar fa?"

Zaren ya fara naɗe min wuyan hannu. Zagaye ɗaya. Biyu. Yana matsewa.

Kanta ya fara juyowa.

Daga can bakin ƙofar gandun aka ɗaga kiran sallar magariba. Riƙon ya sassauta. Na fizge, na zura da gudu, ƙaya tana yagar zanena, silifas ɗaya ya tsaya a can. Ban waiwaya ba.

A bakin hanya na ci karo da Baba Haladu riƙe da tocila. Ya haska ƙafata, ya haska hannuna, ya daɗe yana kallon yatsun. Bai tambaye ni buta ba. Cewa kawai ya yi in shiga mota, yara suna jira. Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Farin bai fita ba. Na wanke da sabulu, na goga lemon tsami, na ƙunsa lalle, da safe farin ya huda lallen ya fito. Kwana uku ina cin tuwo da cokali, hannuna a cikin hijabi kamar mai ciwo. Duk magariba kuma sai in ji firrr a bayan tagar ɗakina.

Ranar Asabar, bayan addu'ar safe, na fito gaban makaranta gaba ɗaya, malamai da ɗalibai, na ɗaga hannun. Na ce ni na ɗauki gululun, Rufaida ba ta taɓa komai ba, na kuma tsaya ina kallo aka ci mata mutunci. Malama Sa'a ta sunkuyar da kai. Kafin azahar farin ya goge, sautin ma ban sake jin sa ba. Aka mayar da sunan yarinyar cikin masu sauka. Ni kuwa tun daga ranar, in darasi ya zo kan amana, karanta abin da ke littafi kawai nake yi in wuce.

Da aka tashi na kira Rufaida gefe na roƙe ta gafara. Ta ce ba komai, tana wasa da bakin hijabinta. Sannan ta ce, a hankali, "Ai na gani, Malama. Ina bayanki lokacin da kika ƙulle shi a mayafi."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, har aka zazzage mata jaka a gaban mutane.

Ta ɗago ta dube ni, kamar tambayar ce ta ba ta mamaki.

"Ke ce fa malamata."