Wasiƙun da Murjanatu Ba Ta Aika Ba

Murjanatu na gyaran kifi a tsakar gida sai ga gwaggonta Tabawa ta faɗo, ko sallama babu.

"Idi, fito ka ji! Ɗiyarka kullum tana shagon kwamfutar Jabiru tana aika ma yaron Warra wasiƙa!"

Murjanatu ta saki wuƙa. Wata bakwai ke nan da mahaifinta Malam Idi ya yi rigima da uban Lukman, saurayinta ɗan Warra, kan wurin jan tarun kamun kifi. Ranar ya rantse: in ta aika wa Lukman, da ke karatu a Sudan, ko kalma ɗaya kafin manya su shirya, maganar aurensu ta mutu.

"Baba, wallahi ban aika ba!"

"To mi ke kai ki can?" in ji Malam Idi. "Tashi mu tafi!"

Allah sarki! Gaskiyar ita ce duk Juma'a takan zauna a shagon yayanta Jabiru, cikin kasuwar Yelwa, ta rubuta wa Lukman imel tana hawaye, sannan ta rufe ba ta aika ba, a zatonta komai ya goge. Amma wa zai yarda da wannan? Shaida babu, ga Gwaggo biye da su tana zuga.

Da suka isa shagon, Jabiru ya ji zancen, ya sosa ƙeya.

"Baba, akwai abin da ban faɗa mata ba. Da, in wuta ta ɗauke, wasiƙar kwastoma ɓacewa takan yi, sai faɗa. Shi ne na canza tsarin. Yanzu duk abin da aka rubuta yana ajiyuwa a daraf, wato wurin wasiƙun da ba a aika ba, in an so a ɗauko a ci gaba. Wanda aka aika kuma wurinshi daban."

Murjanatu ta buɗe akwatin imel ɗinta. Wurin waɗanda aka aika — wayam! A daraf kuwa, wasiƙu ashirin da tara.

"Karanta min ta ƙarshe," in ji Malam Idi.

Kunya ta kama ta, ta rufe fuska da gyale. Jabiru ya karanta a hankali: "Lukman, ina kewarka har abinci ba ya min daɗi. Amma Baba ya hana, kuma shi ma ina son shi. Wannan ma ba za ta iso ka ba. Ka yi haƙuri da mu."

Gwaggo ta sulale waje. Idon Malam Idi ya kaɗa.

"Ashe ke kaɗai kike ɗauke da faɗan manya, ɗiyata." Ya share fuska da hannun riga. "Gobe da safe zan shiga jirgin ruwan Warra, ni zan fara ba uban Lukman hannu. Jabiru, nuna mata inda ake dannawa. Ta aika duka!"

Murjanatu ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka, wannan karon na daɗi.

'Yan'uwa, amanar da kuka riƙe inda ba mai ganinku ba ta ɓata. Ranar da bakinku ya kasa kare ku, ita za ta tashi ta yi magana.