Ranar da Riskuwa Ta Kira Sunan Ɗiyarta

Su uku ne a wani gida a Kaoje: Riskuwa, wadda kogi ya cinye mijinta Namadi bara da damina, da ɗiyarta ta fari Kausar mai shekara bakwai, da Inna Kubura, uwar mamacin. Shinkafa suna da ita, kifi ma bai yanke musu ba. Abin da suka rasa muryar Kausar ce. Tun ranar da kwale-kwale ya kife, ubanta ya tura ta gaɓa, shi kuma ruwa ya tafi da shi, maganarta ba ta wuce "i" da "a'a".

Muzammilu, mai neman auren Riskuwa, shi ya samo musu wata malama a asibiti a Bagudo, mai zama da yaran da suka ga tashin hankali. Kowace Laraba yakan bar jigilar kaya zuwa iyakar Benin ya kai su a babur. Sun je sau uku, sai Riskuwa ta daina.

Yau ma Laraba. Muzammilu ya tsaya a ƙofar gida, ko injin bai kashe ba.

"Mako biyu ke nan, Riskuwa! Mi na yi miki?"

"Ba ka yi komi ba..."

"To mi malamar ta yi?"

"Ka wuce garin Tsamiya, kayan mutane na jiranka."

"Su jira! Ina da ke, ina da yarinyar nan, zan damu da buhun gishiri?"

Ta kama bakin mayafinta tana murzawa, ta waiga cikin gida, ta sake waigowa.

"Tun da muka fara zuwa kukanta ya ƙaru."

"Ai malama ta ce za a yi haka kafin sauƙi. Ba shi ne ba, rabin raina. Faɗa mani."

"Cewa ta yi in ɗora ta a cinya! In dubi idonta, in kira sunanta, in ce mata ba laifinta ba ne. Ɗiyar fari, Muzammilu! Da Inna ta ji, sai ta ce lallai kunya ta ƙare a duniya."

Ya san al'adar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a idon jama'a. Shekara bakwai Riskuwa "ke yarinya" take cewa, Kausar kuma tana ce mata Adda, wato yaya.

Sai ya kashe babur.

"Jiya Kausar ta yi mani magana a bakin gona."

"Magana? Ita?"

"Ta ce, 'Kawu, na faɗa wa malama ni na yi kuka har Baba ya tafi da ni kogi. Adda ta ji. Shi ya sa ta daina kai ni. Fushi take.'"

Riskuwa ta dafa bango. "Innalillahi... Ni? Fushi?"

"Ba ta san kunya kike ba. Yarinya ce. Abin da ta gani shi ta sani."

Ba ta jira ya ƙarasa ba ta shige gida. Inna Kubura na tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Kausar na zaune a lungu, nesa da randa kamar kullum, don tsoron ruwa. Riskuwa ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi surukarta.

"Kausar!"

Faifan Inna ya tsaya cak. Yarinyar ta ɗago kai, tana duban wanda ya kira ta.

"Kausar, ɗiyata... zo."

Ta ɗora ta a cinya. "Ba ke kika kife jirgin ba. Ruwa ne ya yi yawa. Babanki da ransa ya so ki, ni ma haka. Kin ji?"

Kausar ta ƙanƙame ta, ta fashe da kuka mai ƙarfi.

Inna Kubura ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juya musu baya, ta share ido da gefen zane.

"Ni shinkafata nake sheƙa, ban ji komi ba. Ku yi sauri, kada malamar ta tashi. Shi kuma na ƙofar gida, ki ce ya turo manyansa bayan girbi."

A waje Muzammilu ya tada babur yana dariya da hawaye. Kausar ta hau tsakiya, uwarta ta riƙe ta ta baya.

Ranar Kausar ta gane cewa Adda ba ta taɓa yin fushi da ita ba a kan kogin.