Ruwan Gindin Tsamiyar Hure

Furera na tankaɗe a tsakar gida ta jiyo muryar mahaifinta, Malam Tasi'u, daga zaure. Da saurayinta Kamilu yake, ma'aikacin hukumar ruwa mai auna ƙasa ya faɗi inda za a haƙa burtsatse. Damina biyu ke nan a jere ruwa bai zauna ba, rijiyoyin ƙauyen duk sun ƙafe.

Malam ya ce ya sani albashin nasu ba ya kai ƙarshen wata, ya kuma ji abokan karatun Kamilu da suka bi kamfanonin mai a Kudu har sun yi motoci. Duk ya yafe. Sharaɗinsa na ba shi Furera guda ne: burtsatsen garin a kafa shi a ƙofar gidansa.

"Baba, dutse ne a ƙarƙashin nan," in ji Kamilu, kansa a ƙasa. "Ruwan yana bakin gari, gindin tsamiyar tsohuwa Hure."

"To je ka auri tsamiyar!"

Furera ta yi kuka har idonta ya kumbura. Innarta Kulu ta ce ta lallashi Kamilu, ai rubutu ne kawai a takarda, wa zai sani? Da ya zo sallama da la'asar ta roƙe shi. Ya ce rami ɗaya tak aka ba garin, in ya fito busasshe ba za a sake dawowa ba.

Ta goge fuska. "Kafa turkenka inda Allah Ya sa ruwan. Zan jira."

Kwana uku inji na ruri a gindin tsamiya, ƙura kawai yake tofarwa. Malam kuwa ya ɗauko mahaƙa suka tasar wa ƙofar gidansa, har dagi ya yi ƙara a kan dutse. Rana ta huɗu Furera ta jiyo guɗar Hure tun daga ɗaki: ruwa ya fito a gindin tsamiya.

Da aka kafa famfo, Malam sai da ya bari mutane suka ragu ya ɗauki buta. Kamilu ne ya buga masa famfon, taɓo har gwiwa. Malam ya yi alwala a nitse, ya kurɓa, ya miƙe.

"Ka turo iyayenka ran Juma'a. Wanda ya ƙi cutar gari don ya sami 'yata, ba zai cuci 'yata ba."

Albashin bai ƙaru ba, amma Furera ba ta taɓa raina shi ba. 'Yan mata, ku dubi amanar namiji kafin aljihunsa, haƙuri a kan gaskiya kuwa Allah ba Ya tozarta shi.