Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Zanen Gado

Keken ɗinkin Mama ne ya haɗa su. Ranar da ya cije, Auta ce ta kai shi shagon gyara na bakin titi. Mai gyaran ya ɗago daga cikin tarkace, baƙin mai har a hanci, yana ganinta sifana ta suɓuce ta faɗa masa a yatsan ƙafa. Ta ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya taya ta yana ɗingishi. Shi ke nan fa, keke ya gyaru amma zuwa shago bai ƙare ba.

Ita ta raɗa masa Injiniya, shi kuma yake ce mata Allurata. Da ta ba shi labarin gwiwoyin Mama da suka gaji da taka keke, ga wuta ba ta zama, sai ya duƙufa. Watanni ya yi yana ƙera wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa keke, a riƙa tura shi da gwiwar hannu, ɗinki ya yi ta tafiya ba a taka komai ba.

A ofishin rajistar ƙirƙira aka ja masa kunne: kada ya nuna wa jama'a sai an shigar da sunansa. In abin ya fita, ya zama na kowa. Ya dawo ya lulluɓe shi da zanen gado.

Nan matsala take. Baba ya ce ba zai ba da ’yarsa ga mutumin da in an tambaye shi me yake ƙerawa sai ya hau sosa ƙeya ba. Ga kuma ɗan abokin Baba, dillalin kekunan ɗinki, kullum yana ƙofar gida da ƙamshin turare, shi ma Auta yake nema. Shi ya zuga Baba: in da gaske ne, Injiniya ya kawo abin gobe gaban mutane, in ba haka ba ya haƙura da Auta. Dillalin nan kuwa ido gare shi, kallo ɗaya ya ishe shi ya sa a kwaikwaya.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: “Allurata, zan kawo shi. Ƙarfe ne, zan ƙera wani. Ke ce ba zan iya ƙerawa ba.”

Ta karanta har hawaye ya ɗiga a gilashin wayar, don ta san yatsunsa nawa ƙarfen nan ya yanka. Ta mayar masa: “Injiniyana, ka kuskura ka fito da shi, ni zan ƙi ka. Share shago kawai.”

Da safe ta lallaɓa Mama da Baba zuwa shagon, tana fargaba, don Baba, Allah ya sani, magana ba ta kwana a cikinsa. Suna shiga ta saka sakata. Injiniya ya durƙusa ya gaishe su, ya yaye zanen.

Mama ta zauna, ta jingina gwiwar hannu, keke ya ɗauka. Ta ɗinke bakin ƙyalle tsaf, ƙafafunta na hutawa a ƙasa. Ta juyo wajen Baba, idonta cike da ƙwalla.

“Malam, ko ɗigon zafi ban ji ba.”

Baba ya daɗe yana kallon matarsa. Auta ta yi masa bayani a hankali cewa in maganar ta fita yanzu, wahalar yaron nan ta tafi a banza.

Sai ga bugun ƙofa. Ashe dillali ya biyo sawu. Kafin kowa ya motsa, Baba ya fizgi zanen ya rufe keken, ya buɗe ƙofa kaɗan ya tokare ta da ƙirji.

“Baba, me ake ɓoyewa ne?”

“Ba komai, ɗana. Hira muke da surukina.”

Riƙe sirrin nan ya kusa kwantar da Baba. Ya riƙa yawo kumatu a kumbure, ana tambaya yana cewa haƙori ne. Ranar da rajista ta fito kuwa, har mai sayar da jarida sai da ya ji labari sau biyu.

Mama ce ta ɗinka rigar amarya da kanta, a kan keken nan. Da za a tafi da Auta, Baba ya riƙe hannun Injiniya.

“Na riƙe maka naka, ɗana. Ga tawa, ka riƙe min. Allah ya yi muku albarka.”