Turmin Inna Asibi

"Saki gangar nan, Rahamatu!"

"Wallahi ba zan sake ta ba!"

Da hannu biyu ta riƙe maratayin gangar, idonta ya yi ja, ɗankwalinta ya zame har kafaɗa. Tanko na ja waje, ita tana ja ciki, a ƙofar ɗakin mahaifinta marigayi Gajere, sarkin makaɗan noma na Falanko. Jiya-jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa.

"Ni ne babban yaronsa," in ji Tanko. "Ganga ta babban yaro ce, kowa ya sani. Ko ke za ki rataya ta?"

"Ka buga ta a nan, ban hana ka ba! Amma Damagaram? Me gangar noma za ta yi a birni, Yaya Tanko? Gero ake shukawa a kan titi?"

Daga bakin murhu Inna Asibi ta yi magana, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Sakar masa."

"Inna..."

"Na ce ki sakar masa. Gangar nan ta cinye mini ƙuruciyar mijina a gonakin mutane. Ta tafi, Allah ya raka taki gona."

Rahamatu ta saki. Tanko ya saɓa gangar, ya sunkuyo ya rage murya.

"In kina kewarta, ki biyo ta. Ɗaki na jiran ki a birni, har da radiyo."

"Ka auri radiyon," ta ce, ta shige ɗaki ta fashe da kuka.

Tafiyar Tanko ba ganga kaɗai ta ɗauke ba. Ƙannensa biyu masu ƙananan ganguna sun bi shi, 'Yan Gajere suka watse a rana ɗaya. Mutum ɗaya ya rage, Yahaya mawaƙi, dogo mai yawan shiru, wanda in ya buɗe baki a gona har tsofaffi sai sun nemi hauya. Shi ne kuma wanda Rahamatu ke so tun ba ta san sunan abin da ke damun ta ba.

A Falanko kowane manomi yana da takensa, kiɗan da Gajere ya yanka masa shi kaɗai. Ranar gayya, in mutane sun taru su nome gonar mutum ɗaya, da an buga taken manomi sai ka ga ya zabura ya bar sa'o'insa a baya. Yahaya ya san waƙar kowane take. Sai dai waƙa ba kiɗa ba ta tayar da kowa.

Duk da haka ya yi ta maza, ya zo gaishe da Inna, ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa.

Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Yahaya, ba na ƙin ka. Amma mawaƙi ba makaɗi, da me za ka riƙe mini 'ya? Da murya?"

"Zan haɗa wasu, Inna."

"Da wace gangar?"

Inna ba ta jira amsarsa ba.

"To ji nan. Ranar da Sarkin Noma Dodo ya kira ka da bakinsa ka yi masa waƙar gayya, ka turo magabatanka. In bai kira ka ba, ka bar mini ƙofar gida."

Rahamatu na bayan rumbu tana ji. Ta san Inna, in ta faɗi magana ba ta haɗiye ta.

Ranar kasuwa da la'asar tana daka a tsakar gida, zuciyarta cike da mahaifinta. Tana jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta doki gefen turmi, irin luguden da ta taso tana yi. Ba ta ma san abin da hannunta ke faɗa ba sai da ta ji murya ta bayan danga.

"Rahamu! Kar ki tsaya!"

Ta tsaya cak.

"Yaya Yahaya, ka ba ni tsoro!"

"Kin san abin da kike bugawa? Taken Dodo ne! Sak yadda Baba ke yin sa!"

Ta leƙa. Tare yake da abokinsa Aghali, Buzun Belbeji da ke kawo cuku kasuwa, ya ja rawaninsa na shuni ƙasa yana dariya.

"Ku Hausawa kuna ba ni mamaki," in ji Aghali. "Kuna kukan ganga, ga ganga a kowane gida. Mu turmi muke rufewa da fatar akuya, mu yayyafa mata ruwa, mu buga. Tende muke ce masa. Na mata ne, amma a gindin uwata na girma, hannuna ya iya."

Yahaya ya dubi Rahamatu, ta dube shi.

"Take nawa kika sani?"

"Duka," ta ce a hankali. "Ban san na sani ba."

Da ta roƙi Inna tsohon turminta na aure, wanda ke jingine a ɗaki ba a daka a ciki, amsar ba ta yi nisa ba.

"Turmina? A sa masa fata? Ashe haukan ubanki gado ne!"

Sai suka samo wani mai tsaga a gidan gwaggon Yahaya. Duk ranar kasuwa Rahamatu na daka a cikin danga, su biyu na waje, Aghali na ɗaukar kiɗan daga taɓaryarta yana zuba shi a fata, Yahaya na ɗora waƙa. Kiɗan ya fito daban da na Gajere. Bai da tsawar ganga, yana da nauyi da sanyi, kuma dole Yahaya ya sassauta muryarsa ya daina ihu. Ya cire jar hular 'Yan Gajere ya ajiye, ya sa malfarsa ta gona.

"Ba ka jin kunya?" ta tambaye shi wata rana ta kafar danga. "Samari na ce muku 'Yan Turmi."

"Sunan ya yi mini. Da ina waƙa don a ji ni. Yanzu ina yi don in ji ki."

Ta rufe fuska da gefen zane, ta ce hatsinta zai kwana bai daku ba.

In Inna ta daka mata tsawa, amsa ɗaya ce.

"Daka nake, Inna."

Inna sai ta yi tsaki ta shiga ɗaki. Amma Rahamatu ta lura ba ta taɓa sauke asabari ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A farkon daminar nan ciwon ciki ya ɗauke Ila, babban ɗan Dodo, jarumin da ba a taɓa wuce shi a kunyar gona ba. Gari ya yi makoki, amma ciyawa ba ta jira, dole Dodo ya sa ranar gayya. Da Tanko ya ji ana shirin gayya daga bakin direban kamyo, wato babbar motar kaya, sai ya aiko da saƙo cewa gangar Gajere na hannunsa, kar Sarkin Noma ya bari a yi masa kiɗan mata a gona.

Dodo ya aika a kira Tanko.

Yahaya ya sami Rahamatu a hanyar rijiya, tulu a kanta.

"Rahamu, in an gama gayya zan tafi Kano neman aiki."

Tulun ya yi rawa a kanta.

"Ka tafi? Ni fa?"

"Inna ta yanke magana. Ba zan iya zama garin nan ina ganin ki ina kau da kai ba."

"To ni da wa ka bar ni? Baba ya tafi, ganga ta tafi, kai ma...?" Hawaye suka zubo, ba ta da hannun sharewa. "Ina son ka, Yaya Yahaya. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa. Ku zo da tenden gona, ko ba za a buga ba."

"Hasken idona, wa zai saurare mu?"

"Ni."

Ranar gayya gonar Dodo ta cika. Maza sun jera da hauyoyi, Yahaya a cikinsu kamar kowa. Mata na gindin gawo suna dakan fura, Rahamatu da Inna a cikinsu, Aghali na gefe da kayansa a lulluɓe. Rana ta ɗaga kafin kamyo ya sauke Tanko da ƙannensa, da tabarau da wando irin na 'yan birni.

Gajere yana da ƙa'ida. Kafin ya taɓa fata sai ya durƙusa gaban mai gona ya tambaya, wa aka haifa, wa ya rasu? Domin a Falanko ba a buga taken mamaci, da shi ake binne shi. Tanko ya makara, kuma ido na kansa. Ya ɗaga wa Dodo hannu daga nesa, ya saɓa ganga, ya fara da taken da ya san ya fi kowane tayar da gona.

Taken Ila.

Hauyar farko ta faɗi. Sai ta biyu. Matar Ila ta kurma ihu a gindin gawo, ta zube. Tanko ya ɗauka daɗi ne, ya ƙara ƙarfi, sai da wani tsoho ya riƙe masa hannu ya raɗa masa magana a kunne. Madokin ya suɓuce daga hannunsa.

Dodo bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan kunya, ƙaton mutum, ya dafe kai. Maza suka fara saɓa hauyoyinsu, gayya za ta watse.

Rahamatu ta dubi tsohon, ta tuna yadda mahaifinta ke tayar da shi. Ta ɗaga taɓarya.

Ta daka, ta tafa, ta doki gefen turmi. Taken Dodo ya fita a hankali cikin shirun gonar. Amma taken nan kira ne da amsa, a gida Aghali ke amsa mata, yanzu kuwa yana can yana fama da igiyar kayansa. Ta yi kira, ba amsa. Ta sake yi.

Sai wata taɓarya ta sauka a turmin.

Inna Asibi ce, ta ɗaure zane a ƙugu, fuskarta a murtuke.

"Kina saurin tafi," ta ce. "Bi ni."

Rahamatu ba ta taɓa jin lugude irin wannan ba. Taɓaryar Inna na tashi sama ta juya ta dawo daidai, tana yin wasu 'yan kwane-kwane da ko gangar Gajere ba ta cika fitar da su ba. Tenden Aghali ya shigo ta ƙasa. Sauran mata suka ɗauki tafi.

Dodo ya ɗago kai. Ya daɗe yana saurare, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya dafa hauyarsa ya miƙe.

"Yahaya!"

"Na'am, Sarkin Noma!"

"Kana tsaye kamar dashe! Ina waƙar?"

Yahaya ya yar da hauya. Bai yi kirarin jarumta ba. Ya yi waƙar uban da ya shuka gona da ɗansa, zai nome ta shi kaɗai, sai ya waiga ya ga gari duka a bayansa. Dodo ya kafa hauya a ƙasa, maza suka bi shi, ƙasa ta tashi. Kafin la'asar gonar ta yi fes.

Tanko ya zo gindin gawo, tabarau a aljihu, ya ajiye gangar a gaban Inna.

"Ki yafe ni, Inna. Ban tambaya ba."

"Ɗauki abarka, ɗana, gadonka ce. Ka je ka yi wa Dodo ta'aziyya. Gobe in za ka buga, ka fara tambaya."

Ta juya ga Yahaya, wanda ke raɓe-raɓe a gefe yana murza malfa.

"Kai kuma me kake jira? Ina da kunne, na ji ya kira ka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. 'Yan Turmi kuwa har Ollelewa aka riƙa kiran su, maza da malfa, mata da zanen shuni iri ɗaya, ba wanda ya ƙara faɗar sunan da dariya.

Ranar da za a kai amarya, Inna ta mirgino tsohon turminta daga ɗaki, ta share shi da gefen zanenta, ta sa cikin kayan Rahamatu.

"Inna," in ji Rahamatu, "wa ya koya miki taken Baba haka?"

Inna ta yi ɗan murmushi, karo na farko tun rasuwar.

"Koya mini? Ina amarya nake daka a turmin nan, ubanki na zaune bakin ƙofa da ganga yana kwaikwayo. Da safe ya tafi gona ya ce shi ya yanka."

"Duka?"

"Duka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ina son jin ana yabon sa." Ta shafa bakin turmin. "Da ya tafi, na kasa daka a ciki."

Rahamatu ta faɗa jikinta tana kuka. Daga waje muryar Yahaya ta taso, tende na bin ta a hankali.

"Tashi, ya isa," in ji Inna, tana share mata ido. "Mijinki na kira. Je ki amsa masa."