Shaidar Hannun Malam Dikko

Takardar ƙara ta iso ofishin 'yan doka na Tambuwal a damunar 1962. Atiku, mai riƙe da makullin sito a asibitin Kebbe, shi ya rubuto. Ya ce Malam Dikko mai wankin gyambo yana neman cin diyyar Gwamnati da ciwon ƙarya.

Washegari Sufeto Bube ya sauka Kebbe.

Shekara goma sha huɗu Dikko yana shafa wa mutane man fenisilin, har hannuwansa suka fara kumbura suna tsagewa duk ran da ya taɓa shi. Likita ya rubuta cewa aikin ne ya jawo, a sallame shi da diyya. In ƙarar nan ta tabbata kuwa, ba diyya, ba aiki, sai gidan yari.

"Nuna mini hannunka," in ji Sufeto.

Sumul, ko ƙurji babu.

"Yaushe rabonka da man?"

"Ko yau na shafa ma mutum fuɗu, ranka shi daɗe. Wata biyu ke nan ba ya ci na, ban san mi ya faru ba."

Atiku ya yi murmushi. "Ka gani? Ni dai gaskiya nika faɗi."

Ran Sufeto ya ɓaci, don dattijon bai yi masa kama da maƙaryaci ba. A baranda ya iske wata tsohuwa, Goggo Marka, tana mitar wata biyu ana shafa mata magani gyambonta sai ci gaba yake. Sufeto ya koma ya shinshina gwangwanin man. Ɗan mai sayar da man kaɗanya ne shi, ba a yi wa hancinsa wayo.

Ya aika Tambuwal aka kawo sabon gwangwani. Ya ɗiga na Kebbe a hannun Dikko na dama, sabon a na hagu. Kwana biyu dattijon bai ci abin kirki ba. Bai taɓa roƙon Allah ciwo ba sai a lokacin.

Rana ta uku hagun ya kumbura suntum, ƙuraje na tsattsafo da ruwa. Na daman kuwa ko ɗigo.

Sufeto ya juya ga Atiku. "Wa ke buɗe sito ban da kai?"

"Ba kowa."

"To, wa ya zuba man kaɗanya a gwangwanayen?"

Gumi ya keto masa. Da ya ga ankwa sai ya amayar da komai: ya kwashe fenisilin na gaskiyar ya sayar a kasuwar Dogon Daji. Ya san in Dikko ya tafi, sabon malami zai binciki siton, shi ya sa ya so diyyar ta lalace, dattijon ya zauna, bai zata ƙarar za ta iya raba shi da aikin ba.

Aka tasa ƙeyarsa.

Dikko ya daɗe yana kallon kumburarren hannunsa, idonsa ya cika da hawaye. Sannan ya miƙa wa Sufeto sabon gwangwanin da bakin zane.

"A kira Goggo Marka, wani shi shafa mata. Ni hannuna ya gama aiki."