Jan Tabo a Wandon Barde

Bashira na tsakar falonta a unguwar Ruwais ta Jidda tana ware kayan wanki, sai yayarta Luba ta fizgo farin wandon maigidan, ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Ga jan tabo shafe a cinya.

"Jan-baki ne wannan, habibti. Tsohon soja, da rawani a ka, kuma a cinya? Tir."

Mijin Bashira, Barde Na'ibi, manjo ne mai ritaya, garinsu a Najeriya suka naɗa shi sarauta kafin aiki ya kawo shi Jidda. Dangin da suka yi ta rawar kai ranar ɗaurin aure don a ce surukinsu Barde ne, su ɗin dai suka cika gidan kafin la'asar. Inna, mahaifiyar su Bashira, ta ce halas, magana ta ƙare, a karɓo takardar saki. Luba ta ce dama duk Juma'a da sassafe yake sulalewa, ya dawo yana tsamin zufa. Bashira ta yi kuka har ido ya kumbura, don tana son mijinta, amma ta ce ba ta kashe aurenta a kan wando sai ta gani da idonta.

Ranar Juma'a ita da Luba suka bi shi a taksi har wani fili a unguwar Madain Fahd. Ga Barde da furfurarsa cikin leburori 'yan Pakistan, ana kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunta da faskaren katako. Suna kallo ya tofa wa jar ƙwallo yawu, ya goge ta a cinyarsa, ta bar jan tabo a farin wandon, ya ruga ya jefa.

Luba ta toshe baki, ta ce wallahi gara ma jan-bakin da wannan ƙazanta.

Bashira ta fito daga motar. Barde ya daskare. Ya ce tun yana makaranta a Zariya yake wasan, a bariki ma shi ne kyaftin ɗin 'yan wasa, ya ɓoye ne don Inna ta taɓa cewa wasan masu shara ne, bai kamaci mai sarauta ba.

"Yawun ne dai ban yafe ba, Barde," in ji ta, dariya da hawaye a haɗe. "Yalla, maza koma, suna jiranka."

To 'yan mata, ku ji da kyau. Dangin da rawani suka so, ba mutum ba, su ne kan gaba wajen rushe gida. Wadda ta biye musu ita ke zawarci, su suna ɗakunansu. Bashira ta yi haƙuri ta bincika, ga ta nan da mijinta har yau.